Ciyar da Shanun Nama Bayan Boru: Tumbi Ake Fara Gyarawa Kafin a Nemi Ƙiba

Boru, wato ciwon baki da kofato, ba kasafai yake kashe babbar saniya ba. Cikin manyan shanu ɗari da suka kamu, waɗanda ke mutuwa ba su cika wuce biyar ba. Asarar mai shanun nama a jikin dabbar take: sa ya yi kwana biyar ko mako guda bai ci abin kirki ba, tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito, naman da aka tara cikin watanni ya zube. Da baki ya fara warkewa sai mai shi ya cika komi da tsakin masara da dusa, ya ƙara da duk wani garin bitamin da ya samu, yana son ya mayar da abin da ya tafi cikin mako biyu. A nan asara ta biyu take shigowa, kuma sau da yawa ta fi ta farko ciwo, domin ita da hannu aka jawo ta.

Wannan magana ta ƙasashen da cutar ta zaunu ce, kamar yawancin Afirka da Gabas ta Tsakiya da sassan Asiya. Inda aka kawar da ita, doka ba ta barin a yi jinya. A ɓarkewar da aka yi a Birtaniya a 2001 an kashe dabbobi fiye da miliyan shida. Ko a inda ake jinyar, cuta ce da ake kai rahotonta ga hukumar lafiyar dabbobi, kuma babu wani ƙarin abinci da yake kashe ƙwayar bairas ɗin da ke kawo ta. Jikin dabbar ne ke yaƙarta. Aikin abinci shi ne ya riƙe jikin har ya gama yaƙin, sannan ya gyara ɓarnar da aka bari.

Ɓarnar da cutar ke bari a jiki

Zazzaɓi ne ke fara zuwa, zafin jiki ya kai digiri 40 zuwa 41, sannan bororo ya fito a harshe da dasashi da leɓe, da tsakanin kofato da gefen da kofato ya haɗu da fata, da kan nono. Cikin kwana ɗaya ko biyu bororon ya fashe ya bar jan miki. Saniya da harshe take naɗo ciyawa. Idan fatar harshen ta saɓule, ga yunwa ga abinci amma ba damar ci. Kuma a daidai lokacin ne buƙatar jikin ta ƙaru, don kowane digiri ɗaya na zazzaɓi yana ƙara ƙona kuzari da kusan kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Jiki sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne miyau. Babbar saniya mai tuƙa sosai tana iya haɗiye fiye da lita 100 na miyau a rana, kuma miyan nan ba ruwa kawai ba ne. Yana ɗauke da bikabonet da fosfet, waɗanda ke kashe tsamin da ke taruwa a tumbi, da kuma sodiyam mai yawa. Wannan dalalar da ake gani tana zuba ƙasa kamar igiya, ruwan jiki ne da gishirin jiki da maganin tsamin tumbi suke tafiya tare.

Shi kuwa tumbi, tukunya ce cike da ƙananan halittu, bakteriya da dangoginsu, su ne ke narkar da ciyawa su ba saniya kuzari da furotin da bitamin na rukunin B. Idan aka yi kwanaki ba abinci, yawansu yana raguwa ƙwarai, musamman masu narkar da ciyawa da masu cinye tsamin laktik. Ka zuba hatsi da yawa cikin irin wannan tumbi, sai masu son sitaci irin su Streptococcus bovis su yi ta hayayyafa cikin sa'o'i kaɗan suna zubar da tsamin laktik, ba mai cinye shi, ba isasshen miyau da zai kashe shi. Ma'aunin tsami na tumbi, wanda a lafiya yake tsakanin 6 da 7, sai ya faɗo ƙasa da 5.5. Dabbar ta sake ƙin abinci, zawo ya ɓarke, bangon tumbi ya ƙone. Gubar da ke fita daga nan tana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin kofato, ta kawo kumburin naman da ke riƙe da kofaton. Ƙafar da boru ya riga ya raunana ke nan aka ƙara mata wani ciwon daga ciki. Shi ya sa ake ganin sa ya warke a baki sarai, amma ɗingishinsa ya ƙi ƙarewa, har wani ya kai ga kofato ya cire.

Kwanakin da baki yake ɗanye

A wannan mataki, wanda yakan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma, ba a maganar ƙiba. Ruwa ne kan gaba. Sa mai kilo 300 yana shan lita 30 zuwa 40 a rana, fiye da haka in ana zafi, kuma mai ciwon ƙafa ba zai taka ya je wurin ruwa ba ko da ƙishi zai kashe shi. A kai masa ruwan gabansa, mai tsabta, a riƙa sauyawa don miyau yana ɓata shi. A gwada bushewar jiki ta hanyar jan fatar wuya: idan aka saki ta tsaya fiye da daƙiƙa huɗu ko biyar, ido kuma ya faɗa, dabbar ta rasa ruwa kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta. A kilo 300, lita 24 ke nan, ban da abin da za ta buƙata na ranar.

Haɗin da likitocin shanu suka saba bayarwa ta baki shi ne gram 7 na gishiri, gram 1.25 na potasiyam kulorayid da rabin gram na kalsiyam kulorayid a kowace lita. A lita 20 ya zama gram 140, gram 25 da gram 10. In dabbar za ta sha da kanta, ya fi. In ba za ta sha ba, a bar wanda ya iya ya zura tiyo har tumbi. Ɗura da kwalba ga dabbar da bakinta da maƙogwaronta ke ciwo kasada ce: ba ta haɗiya da kyau, ruwan ya bi ta hanyar iska, bayan kwana biyu ciwon huhu ya kama ta, kuma irin wannan ciwon huhun ba ya jin magani sosai.

Abinci kuwa sai mai laushi. Ɗanyar ciyawa ƙarama da aka yayyanka, ganyen harawa da aka jiƙa ya yi taushi, da dusa da aka dama da ruwa ta zama kamar kunu mai kauri. Kara da ƙaiƙayi da duk wani abu mai tsini a janye su, suna sake buɗe mikin. Kunun dusar kada ya wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya na busasshiyar dusa a rana, a raba shi sau uku ko huɗu. A zuba molasis, wato baƙin maɗin da ke saura bayan an cire sukari daga rake, gram 250 zuwa 500 a rana, a tsinka shi da ruwa a yayyafa kan ciyawar. Amfaninsa uku ne: ƙamshinsa yana jawo dabbar ga komi, kusan rabinsa sukari ne mai saurin ba da kuzari, kuma yana da potasiyam mai yawa, wanda jikin da bai ci abinci ba yake saurin rasawa. Amma shi ma sukari ne. Aka yawaita shi, zawo da tsamin tumbi zai kawo kamar hatsi. Abin da aka jiƙa bai ƙare ba cikin 'yan sa'o'i a kwashe, don yana tsami yana tara ƙuda.

Dutsen lasa, na gishiri ko na molasis, ba shi da amfani yanzu. Harshen da ba fata ba ya lasa. Mai shi sai ya ɗauka dabbobinsa suna samun sinadarai tunda ga dutse a rataye, alhali ba wadda ta taɓa shi. A ba da gishirin da sinadaran a gari, cikin kunun dusa, gishiri kamar gram 30 zuwa 40 a rana ga babba.

Sau da yawa allurar rage zafi da raɗaɗi, irin su meloxicam ko flunixin, ta fi kowane garin ƙarin abinci sa dabba ta koma ci, don ciwo ne ya hana ta tun farko. Sharaɗinta shi ne a fara gyara ruwan jiki, domin irin waɗannan magunguna suna taɓa ƙoda idan jiki a bushe yake. Maganin kashe bakteriya na miki ne da ya ruɓe, ba na bairas ba, kuma ta allura ake ba babbar dabba. Wanda aka zuba a ruwan sha ko aka ɗura yana kashe ragowar halittun tumbin da ake ƙoƙarin rayawa. Dexamethasone kuma, wani maganin rage kumburi, yana danne garkuwar jiki, yana iya zubar da cikin saniya.

Tayar da tumbi

Alamar cewa an shiga mataki na biyu ita ce tuƙa. A sa hannu ko kunne a kwiɓin hagu: tumbi mai aiki yana motsawa sau biyu ko uku cikin minti biyu. Idan shanu sun kwanta hutawa, rabinsu ko fiye ya kamata a ga suna tuƙa. Kafin a ga haka, hatsi ya jira.

Abin da ke tayar da tumbi ciyawa ce mai kyau, mai ɗan tsawo, don ita ke gogar bangonsa ta sa shi motsi, ta sa dabbar tuƙa, tuƙa kuma ta kawo miyau. Ciyawar da aka niƙa ta zama gari ba ta wannan aiki. Sai dai busasshiyar ciyawa mara kyau, wadda furotin ɗinta bai kai kashi 7 cikin ɗari ba, ba ta isar halittun tumbi su hayayyafa. Takan zauna a ciki ba narkewa, dabbar ta ƙoshi da abin da ba ya amfaninta. Shi ya sa ake haɗa ta da harawar wake ko ta gyaɗa ko alfalfa, kamar kashi ɗaya cikin uku na ciyawar ranar. Ɗanyen ganyen dangin wake kuwa, in aka ba mai yunwa shi zalla, kumburin ciki yake kawowa, don haka a fara ba da busasshiya.

Yis mai rai, nau'in Saccharomyces cerevisiae da ake yi don dabbobi, yana taimaka wa masu narkar da ciyawa da masu cinye tsamin laktik su farfaɗo. A bi awon da ke jikin buhun, a kuma lura cewa abu ne mai rai: wanda ya daɗe a zafi ya mutu, gari kawai ya rage. Allurar bitamin B ma a nan take da ma'ana, tunda halittun tumbin da ke yin su sun ragu. Da zarar tuƙa ta dawo sosai, ci gaba da allurar ɓarnar kuɗi ce.

Idan baki ya warke amma tumbi ya ƙi tashi, hanya mafi ƙarfi ita ce a ɗebo ruwan tumbin lafiyayyar saniya a zura wa mara lafiyar ta tiyo. Ga babba an fi son lita 8 ko fiye, amma ko lita biyu ko uku suna taimakawa. A tace shi, a ba da shi da ɗuminsa ba tare da ya sha iska ba, don yawancin halittun nan iska tana kashe su. Aikin likita ne, kuma daga cikin garken za a ɗebo. Ɗauko shi daga wani garke ko kai shi can hanya ce ta yaɗa cuta.

Shigo da haɗin ƙarfi, wato haɗin hatsi da dusa

Lissafi yana farawa da nauyi. In ba sikeli, a auna zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba da tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. A ninka zagayen ƙirjin da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Ƙirji 150 da tsawo 140 zai ba da kusan kilo 290. Lafiyayyen sa yana cin busasshen abinci kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 6 zuwa 7.5 ga mai kilo 300. Ɗanyar ciyawa kusan kashi huɗu cikin biyar ɗinta ruwa ne, a riƙa tuna haka wajen awo.

Mai murmurewa yana son furotin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari na dukan abincinsa, don da shi ake gina sabuwar fata da tsoka da garkuwar jiki. Ga misalin haɗi a kilo 100: tsakin masara 35, dusar alkama 35, kek ɗin waken soya ko na gyaɗa (abin da ke saura bayan an tatse mai) 15, molasis 10, garin dutsen kalsiyam na abincin dabbobi 2, gishiri 1, bekin soda 1, garin sinadarai da bitamin 1 ko yadda kamfanin ya rubuta. Wannan zai ba da furotin kusan kashi 16. Kilo 3 nasa tare da kilo 4.5 na ciyawa da harawa mai furotin kashi 10 zai kai dukan abincin kashi 12 da ɗoriya. Wanda zai yi amfani da kek ɗin auduga mai ɓawo, wanda furotin ɗinsa yake wajen kashi 25, sai ya kusan ninka awon ya rage dusa. Masarar a ɓarza ta kawai. Garin da ya yi laushi yana narkewa da sauri fiye da kima.

Kilo biyun dutsen kalsiyam ɗin nan ba ado ba ne. Dusar alkama tana da fosfarus fiye da kashi 1 cikin ɗari, kalsiyam ɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Ana son kalsiyam ya ninka fosfarus sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan abin ya juye, ga kuma dabbar ba ta shan ruwa sosai, tsakuwa tana taruwa a mafitsara ta toshe hanyar fitsarin namiji, musamman wanda aka dandaƙe. Sai a ga sa yana nishi yana kaɗa wutsiya, fitsari na ɗiga ko ya tsaya cik. Bekin sodan kuma yana cike gurbin miyan da bai gama dawowa ba.

A fara da rabin kilo a rana, rabi da safe rabi da yamma, kuma koyaushe bayan an ci ciyawa. Duk bayan kwana uku a ƙara gram 300 zuwa 400, yadda za a kai kilo 3 cikin mako uku zuwa huɗu. Ci ɗaya kada ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki, wato kilo ɗaya da rabi ga wannan sa, kuma ciyawa kada ta gaza rabin abincin har ƙafa ta daidaita. Ko dabbar ta saba cin kilo biyar kafin ciwon, daga farko za a koma, don sabon ba na dabbar ba ne, na halittun tumbinta ne, su kuwa waɗancan sun tafi.

Kashi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In ya yi ruwa, ya yi fari-fari ko toka-toka, da kumfa da warin tsami, ko ana ganin majina da ƙwayar hatsi, ko dabbar ta ci yau gobe ta ƙi, an yi sauri. A koma awon baya na kwana uku ko huɗu, a ƙara ciyawa. Wata matsalar ta komi ce: idan an haɗa masu ƙarfi da masu ɗingishi, masu ƙarfin za su cinye rabon kowa, su kamu da tsamin tumbi, raunanan kuma su ci gaba da ramewa. A ware su.

A duba kayan haɗin da ido da hanci. Kek ɗin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna na iya ɗaukar gubar aflatoksin, mai lalata hanta da danne garkuwar jiki. Dusar shinkafa tana da mai, tana saurin yin ɗaci idan ta daɗe, kuma mai in ya wuce kashi 6 cikin ɗari na abinci yana hana narkewar ciyawa. Kek ɗin auduga yana da wata guba, gosifol, wadda babba ke jurewa amma take cutar da maraƙin da tumbinsa bai gama ginuwa ba.

Yuriya tana buƙatar magana ta daban, don ita ce ta fi saurin kisa. Halittun tumbi ne ke mayar da ita furotin. In sun yi ƙaranci sai ta zama amoniya ta shige jini. Sabon da dabba ta yi da ita yana gushewa cikin 'yan kwanakin rashin ci, don haka awon da sa yake cinyewa lafiya kafin boru zai iya kayar da shi bayansa. Gram 0.3 zuwa 0.5 a kowane kilo na nauyin jiki, a ci ɗaya, ya isa ya zama guba ga wanda bai saba ba: gram 90 zuwa 150 ke nan ga mai kilo 300. Alamun suna zuwa cikin minti 20 zuwa awa ɗaya: karkarwa, dalala, kumburin ciki, tangaɗi, faɗuwa. Taimakon gaggawa shi ne binega lita 2 zuwa 6 da ruwan sanyi mai yawa ta tiyo. Mafi sauƙi shi ne a cire ta gaba ɗaya har mako uku ko huɗu bayan ci ya dawo daidai. Daga nan a fara da gram 20 a rana, a gauraye sosai cikin haɗin, a hau a hankali, kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari na busasshen abinci, wato gram 70 ga mai cin kilo 7. Ba a narka ta a ruwan sha, ba a haɗa ta da ɗanyen waken soya, ba a ba ƙananan maruƙa, kuma dutsen lasa mai yuriya ba a barinsa ruwan sama ya taru a kansa.

Sinadarai, bitamin da kofato

Dabbar da ke cin rabin abincinta, rabin sinadaranta take samu. Lafiyayyen sa yana buƙatar zink miligram 30 a kowane kilo na busasshen abinci. A kilo 7 ya sami 210, a kilo uku da rabi ya sami 105 kawai, a lokacin da fatar baki da kofato suke nemansa fiye da kullum. Saboda haka jadawalin NRC, majalisar binciken kimiyya ta Amurka, ya ɗaga awo ga maruƙan da suka sha wahala: zink 75 zuwa 100, jan ƙarfe 10 zuwa 15, sileniyam 0.1 zuwa 0.2, duka miligram a kilo, potasiyam kashi 1.2 zuwa 1.4 cikin ɗari, bitamin A ma'aunin IU (awon ƙarfin bitamin) 4,000 zuwa 6,000 a kilo, bitamin E IU 400 zuwa 500 a rana. Awon ya dace da mai tashi daga boru na 'yan makonnin farko, sannan a sauko.

Zink da bitamin A su ne na gyaran fata. Hanta tana ajiye bitamin A na wata biyu zuwa huɗu, don haka shanun da suka daɗe kan busasshiyar ciyawa su ne allurar A, D da E guda ɗaya take yi wa amfani. Masu cin ɗanya suna samu a ganye. Sileniyam da bitamin E suna taimakon garkuwar jiki da tsoka. Kobal da shi tumbi ke yin bitamin B12, kuma ƙarancinsa kansa yana kashe sha'awar abinci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tarawa: a yi allurar sileniyam, a zuba gari mai sileniyam, a rataye dutse mai sileniyam, kowanne da awonsa cikakke. Tazarar da ke tsakanin isa da guba a sileniyam ƙarama ce, kuma abin mamaki, yawansa yana tsattsaga kofato ya zubar da gashin wutsiya, wato ciwon da ake gudu shi ake sayowa. A zaɓi hanya ɗaya. Garin shanu mai jan ƙarfe kuma kada tumaki su kai gare shi, hantarsu tana tara shi har ya kashe su.

Kofato ba ya gaggawa. Yana tsiro kusan milimita 5 a wata, daga sama zuwa ƙasa, don haka zoben da ciwon ya bari zai ɗauki shekara ko fiye kafin ya sauka ya goge. Bayotin, wani bitamin na rukunin B, miligram 10 zuwa 20 a rana, yana ƙarfafa sabon kofaton da ke fitowa, amma sai an yi watanni ana bayarwa kafin a ga bambanci. Yana da ma'ana ga saniyar haihuwa da bijimin barbara da za su daɗe. Ga san da za a yanka nan da wata biyu, kuɗin ya fi amfani a harawa. Kuma babu sinadarin da zai warkar da ƙafar da ke tsaye cikin caɓi. Busasshen wuri mai laushi, wanke miki, tsoma ƙafa a ruwan zink salfet kashi 10 cikin ɗari, da hana ƙuda yin tsutsa a tsakanin kofato, su ne ke ba abincin damar aiki. Komaye da bokitai a wanke su da sodan wanki, gram 400 a lita 10, don bairas ɗin ba ya jure abin da ma'aunin tsaminsa ya haura 9 ko ya gaza 6. Kada a haɗa soda da mai tsami, suna kashe ƙarfin juna.

Maruƙa lamarinsu daban ne. A cikinsu mutuwa tana iya kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, don bairas ɗin yana kama tsokar zuciya, maraƙi ya faɗi ba tare da an ga bororo ba. Ba a kora su, ba a kokawa da su don ɗura. Uwar da kan nononta ke ciwo takan hana tsotso, sai a ba maraƙin madarar da aka tafasa ta huce, kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa a rana, a raba sau uku. Saniya mai tsohon ciki da ta daina ci ita ma a sa mata ido, tana iya faɗawa ciwon ƙarancin sukari a jini, wanda likita ke tarewa da furofilin gilaikol.

Sa da aka bi da shi a hankali yakan yi girman ramuwa: bayan mako huɗu zuwa shida yana ƙara nauyi fiye da yadda ya saba a kan abinci iri ɗaya. A auna ƙirji duk mako biyu, da safe kafin ci, a rubuta. A wannan lokaci ne ya dace a ba da maganin tsutsar ciki, a kuma koma kan rigakafi, domin bairas ɗin iri bakwai ne, O, A, C, Asia 1 da SAT 1 zuwa 3, kuma warkewa daga ɗaya ba ta kare dabba daga sauran. Wasu shanun da suka warke suna riƙe ƙwayar a maƙogwaro na watanni, don haka fitar da su sai da izinin hukuma.

Akwai kuma waɗanda ba sa dawowa. Gashinsu ya yi tsawo ya yi buzu-buzu, suna haki ko rana ba ta yi zafi ba, kullum suna neman inuwa ko ruwa, suna ci amma ba sa ƙiba. Inuwa da ciyarwa da sassafe da bayan faɗuwar rana suna rage musu wahala, amma babu haɗin da ke mayar da su yadda suke. Irin waɗannan, da waɗanda kofatonsu ya cire ko ciwon ya shiga gaɓa, idan an yi wata biyu awon ƙirji bai motsa ba, a daina ƙara musu haɗin ƙarfi. A ƙirga kwanakin da ake jira kafin yanka bayan duk allurar da aka yi musu, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a nemi izinin likita, a kai su yanka.